Ɗakin da Aka Fasa a Zangon Gumbara

Birnin Gumbara ba shi da gishiri a ƙasarsa, ba shi da ƙarfe, dawakinsa kuwa ƙanana ne da ba su fi na zuwa cin kasuwa ba. Amma a zamanin Sarki Barmo babu garin da ya kai shi arziki daga bakin hamada har zuwa kurmi. Maroƙa sukan ce albarkar ƙasa ce. Ƙarya suke yi, ƙasar jigawa ce, gero ma sai an lallaɓa ta take bayarwa. Abin da ya ɗaukaka Gumbara wata al'ada ce guda ɗaya da Barmo ya kafa a zango, inda baƙin fatake suke sauka.

A sauran garuruwa, idan baƙo ya mutu, kafin a gama yi wa gawarsa wanka dogarai sun kwashe kayansa zuwa fada, a ce baƙo ba shi da magaji sai sarki. A Gumbara ba haka ake yi ba. Sai a zuba kayan a ɗaki, a liƙe ƙofar da laka, Sarkin Zango ya danna tafin hannunsa a kan ɗanyar lakar a gaban jama'a. Daga ranar ɗakin ya zama amana a wuyansa, kuma ko shekara nawa za a yi babu mai buɗewa sai magajin mamacin ya zo ya fasa da hannunsa. Falken da ya san ko ya faɗi a hanya 'ya'yansa za su sami gadonsa, shi ne yake ɗauko mafi tsadar hajarsa ya nufo gari da ita. Ayarin Azbin ya kawo gishiri da dawaki, na Gwanja ya kawo goro, su haɗu a nan su yi musaya, su sayi baƙin rini da jar fata su tafi. Marina ta cika, majema ta cika, wutar maƙera ba ta mutuwa, har manomin ƙauye yana sayar da hatsinsa da daraja.

Barmo ya rasu, aka naɗa ɗansa Tunau. Tunau ba mugu ba ne a farkonsa. Mai gaggawa ne, kuma yana da wani ciwo da yakan kama 'ya'yan manyan sarakuna, wato son a ce ya fi ubansa.

Ba a daɗe da naɗa shi ba sai wani madugu daga Azbin mai suna Illa ya sauka a zango, zazzaɓi ya kama shi, ya ce ga garinku nan. Cikin kayansa akwai sulke da takubba masu yawa da ya yi niyyar kaiwa kudu. Sarkin Zango na lokacin, wani dattijo da ake kira Jatau, ya sa aka zuba kayan a ɗaki aka liƙe, ya danna tafinsa kamar yadda ya saba yi tun zamanin Barmo. Mutanen Illa suka juya arewa don su sanar da ɗansa Akoli.

Labarin sulken ya kai kunnen Ƙaura Mijinyawa, shugaban mayaƙan Gumbara. Da aka zauna a fada ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Zaki, mutanen Dallama sun hana mu gaisuwar da suke kawowa tun zamanin kakanka. Ga sulke da takubba kwance a cikin garinka tsatsa tana ci, bayinka kuwa suna fita yaƙi da rigunan saƙi. Mai kayan ya mutu. Ɗansa yana bayan hamada, wa ya san ko zai zo. Mu ba ƙwace za mu yi ba, aro ne. Mu ci Dallama, mu mayar da abin da muka ɗauka har da ƙari."

Sarki ya dubi Sarkin Zango. Jatau ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba mayaƙi ba ne, ban san yadda ake cin gari ba. Na dai san yadda ake cika shi. Abin da ke cikin ɗakin nan ba shi ne dukiyarka ba, dukiyarka ita ce ƙofar da ke liƙe. Kowane falke ya shigo zango, kafin ya tambayi ruwan sha sai ya dubi ɗakunan nan ya ga ko lakarsu tana nan. Ran da aka fasa ɗaya, an fasa duka. Mahaifinka, Allah ya jiƙansa, ya yi shekarar yunwa yana kallon ɗaki cike da dabinon wani mamaci, bai yarda an taɓa ko ƙwara ba."

Duk maganar Jatau gaskiya ce, amma ya ɓata ta da ambaton Barmo. Fuskar Tunau ta sauya. Ya ce, "Sarkin Zango, Barmo ya yi zamaninsa ya wuce, yanzu zamanina ne. Abin da kake ta magana a kai laka ce da tafin bawana a jikinta. Tun yaushe tafin bawa ya fi bakin ubangidansa?"

A nan ne ya kamata manyan fada su yi magana. Galadima, wanda ya ci arzikin zangon nan har wuyansa ya yi kauri, sai ya sunkuyar da kai yana duba aikin rigarsa kamar ranar ya fara ganinta. Limami ya duƙufa a kan carbinsa. Fadawa suka ɗauka da "gaskiya Zaki, gaskiya Toron Giwa." Ba na jin haushin Ƙaura kamar yadda nake jin haushin waɗannan. Shi Ƙaura aikinsa yaƙi, ya nemi kayan yaƙi. Su kuwa aikinsu ke nan su ce wa sarki a'a, kuma don haka ake ciyar da su.

Da hantsi dogarai suka je zango da gatura suka fasa ƙofar, baƙin fatake suna tsaye suna kallo. Wasu dai sun fara ɗaure kayansu tun kafin azahar.

Da rani Ƙaura ya fita da sulken Illa, ya faɗa wa ƙauyukan Dallama, ya ƙone rumbuna, ya koro shanu. Aka yi ta kiɗa da busa a ƙofar fada, maroƙa suka ce ba a taɓa haihuwar sarki kamar Tunau ba. Maganar mayar da aro kuwa, tun da aka dawo babu wanda ya sake tayar da ita.

Shekara ta kewayo Akoli ya iso. Saurayi ne dogo, fuskarsa rufe da baƙin rawani irin na mutanen arewa. Ya tsaya a bakin ɗakin, ya tarar da awaki suna kwance a ciki. Fatoman gari, masu saukar da baƙi, kowa ya sulale, sai Jatau kaɗai ya zo ya tsaya a gabansa, ya gaya masa abin da ya faru tun daga farko, bai rage ba bai ƙara ba, bai kuma wanke kansa ba. Akoli ya je fada. Sarki ya ba shi riga mai aiki da alkawari mai daɗi, ya sallame shi. Akoli bai yi zagi ba, bai yi rantsuwa ba, da ma ya yi da abin ya zo da sauƙi. Ya ziyarci kabarin ubansa, ya hau raƙuminsa ya tafi.

Gari ba ya mutuwa rana ɗaya. Da fari ayarin Azbin ne ya ragu, aka ce ai rashin ruwa ne a hanya. Sai na Gwanja ya zo bai tarar da gishirin da zai yi musaya da shi ba, shi ma ya daina zuwa. Can aka ji cewa Sarkin Dallama, wanda aka ƙone wa rumbuna, ya gina zango a bayan ganuwarsa, ya sa ana liƙe ɗakunan mamata da laka. Abin da Gumbara ta zubar shi ya tsuguna ya tsince, fatake kuwa suka karkata hanya suka bi ta wajensa ko da ta fi nisa.

Da abin da ke shiga fada ya ragu, sai Tunau ya yi abin da duk sarkin da ya rasa dabara yake yi, ya ƙara haraji a kan waɗanda suka rage. Aka ɗora a kan karofin rini, aka ɗora a kan uwar maƙera, aka ɗora har a kan jakin da ya shigo ƙofa da itace. Maƙera suka kwashe zugazugansu suka bi fatake. Masaƙa suka bi maƙera. Manomi ya ga babu mai sayen rarar hatsinsa sai mai ƙwace, ya koma noma abin da zai ci kawai. Unguwar marina, wadda a da ba ka jin maganar na kusa da kai don bugun tufafi, ta zama wurin kiwon kaji.

A cikin waɗanda abin ya ci har da Cindo, ɗan Jatau, kuma shi kaɗai Allah ya ba shi namiji. Magidanci ne mai karofi da yawa da ma'aikata a ƙarƙashinsa. Ya riƙe har inda ƙarfinsa ya kai, ran da shunin ƙarshe ya lalace a rami ya rufe marinar, ya je ya shiga dakarun Ƙaura, masu yaƙi a ƙasa. Da ubansa ya yi masa magana ya ce, "Baba, gidan Ƙaura ne kaɗai ake ɗora tukunya kullum a garin nan. Ina da iyali."

A shekarar da abin zai faru, shamuwa ba ta sauka a kan rimin fada ba kamar yadda ta saba, kuma fatar babban tambari ta tsage ana cikin kiɗa. Malaman fada suka duba suka ce alama ce ta faɗuwar wani sarki, kuma babu shakka Sarkin Dallama ne. Da sun taka zuwa kasuwa sun ga rumfunan da suka rushe, da ba su wahalar da kansu da duban ƙasa ba.

Bayan kaka manzon Dallama ya iso. Ya tsaya a tsakiyar fada bai faɗi ba, ya buɗe burgaminsa ya ajiye wata ƙonanniyar zangarniyar gero a gaban Sarki, ya ce, "Ubangidana yana gaida Sarkin Gumbara. Ya ce a dawo maka da abin da ka bari a gonakinsa. Ya ce kada ka wahalar da kanka da zuwa bana, shi zai zo."

Da manzon ya fita aka rufe zaure aka yi shawara. Shamaki, mai kula da bargar Sarki, ya ce dawakin Azbin da suka rage sun tsufa, tun da fatake suka daina zuwa ba a sami sabo ba, na gida kuwa ba sa iya ɗaukar mai sulke su yi gudu da shi. Aka nemi kibau, aka tarar maƙeran da suka rage tsofaffin fartanyu suke narkawa. Sai wani ɗan leƙen asiri ya kawo labari cewa Akoli, wanda yanzu shi ne madugu a madadin ubansa, ya sauka a Rijiyar Tsamiya da garken dawaki masu yawa, zai kai su Dallama.

Ƙaura ya ce, "Allah ya ba ka nasara, dawakin nan su ne yaƙin. Wanda ya same su ya ci. Mutanen arewa ba sa jin maganar kowa a garin nan sai ta Sarkin Zango. A aike shi ya juyo da su."

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, idan na juyo da su, da me za a biya mai su?"

Ƙaura ya yi dariya ya ce, "Su dai shigo ƙofa, dattijo. Dokin da ya shigo garin Sarki na Sarki ne. In mun ci Dallama a duba maganarsu."

Jatau ya dubi Sarki yana jira ya tsawatar. Tunau bai tsawatar ba. Ya ce, "Sarkin Zango, ka taɓa gaya mini tafinka yana da daraja a wurin baƙi. To, yau ga ranarsa. Je ka ka ba su shi. Kuma ka tuna, in babu barade a gaba, dakaru ne za su tari dawakin Dallama da ƙirjinsu. An ce mini ɗanka yana sahun farko."

Haka Jatau ya fita daga Gumbara a kan wani tsohon doki, zuciyarsa kamar an ɗora mata dutsen niƙa.

Ya tarar da ayarin a inuwar tsamiya ana shayar da dabbobi. Ya daɗe bai ga irin dawakin nan ba, dogaye masu faɗin ƙirji, suna haniniya suna tonon ƙasa. Akoli ya taso ya tarye shi, ya riƙe masa linzami da kansa, ya zaunar da shi a kan buzu, aka kawo nonon raƙumi da dabino. Bayan an gaisa Jatau ya isar da saƙo kamar yadda aka ba shi, Sarkin Gumbara yana gaisuwa, yana neman a kawo dawakin garinsa, ya yi alkawarin biya.

Akoli ya ce, "Baba Jatau, ba zan ɓoye maka ba, na fi son Gumbara. Hanyarta ta fi kusa, ruwanta ya fi daɗi, kuma ubana yana kwance a can. Amma alkawarin sarkinku ina da guda a gida, tare da rigar da ya ba ni, har yau ban ga amfanin ko ɗaya ba. Dawakin nan kuma ba nawa ba ne duka. Akwai na tsofaffi da ba sa iya tafiya, akwai na matan da mazansu suka mutu, kowa ya ba ni nasa don ya yarda da ni. Kai ne ka tsaya a gabana ran da kowa ya gudu, ka gaya mini gaskiya mai ɗaci. Saboda haka ba na son rantsuwa, ba na son shaida. Ka sa hannunka a cikin nawa ka ce mini dukiyar mutanena za ta tsira a Gumbara. In ka faɗa, yau ɗin nan zan juya ayari."

Ya miƙo hannu.

Jatau ya dubi hannun, ya dubi dawakin. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da su. In ya faɗa, baraden Gumbara za su hau, su tsaya a gaban dakaru, Cindo ya koma wa iyalinsa. Kuma in ya faɗa, ya san abin da zai biyo baya kamar yadda ya san sunansa, za a rufe ƙofa a bayan saurayin nan, a kwashe dukiyar tsofaffi da ta zawarawa, in ya yi magana a ɗaure shi. Wancan karon an fasa amanarsa ne da gatari yana kuka. Wannan karon shi da kansa ne gatarin. Ya ji tsoro, ya ji kunya, ya ji son ɗansa. Hannunsa ya ɗaga har ya kusa, sai ya mayar da shi cikin riga.

Ya ce, "Ɗana, kada ka shigo Gumbara."

Akoli ya janye hannunsa, ya ja rawaninsa ya ƙara rufe fuska. Bai tambayi dalili ba. Da la'asar ayarin ya tashi ya nufi Dallama, Jatau yana tsaye a bakin rijiya yana kallon dawakin suna wucewa ta gabansa.

Mutanen Gumbara ba su taɓa daidaitawa a kan wannan rana ba, wasu suna sa masa albarka wasu suna tsine masa. Ni dai abin da na sani, ba shi ya kai garin inda sai dattijo ya zaɓa tsakanin ɗansa da gaskiyarsa ba.

Da ya komo bai yi wa Sarki ƙarya ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sun yarda su zo a kan maganata, ni ne na hana su." Fada ta kaure da salati. Galadima, wanda ba a taɓa jin muryarsa a kan gaskiya ba, shi ya fi kowa ɗaga murya wajen kiransa maci amana. Tunau ya sa aka tuɓe masa rawani a gaban jama'a, aka kai shi gidan yari, ya ce a bar shi da rai har a dawo daga yaƙi a yi masa hukunci a kasuwa.

Ran da rundunar za ta fita Cindo ya biyo ta gidan yari da garkuwarsa da mashinsa. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba.

Ya ce, "Baba, an ce dawaki sun zo hannunka ka sake su."

Jatau ya ce, "Haka ne."

"Ka san ina sahun gaba?"

"Na sani, Cindo."

Cindo ya gyara riƙon mashinsa. Ya ce, "To, a yi mana addu'a." Ya juya ya bi sahu. Ubansa ya kira sunansa, amma ƙarar ganguna ta rufe muryar.

Rundunonin suka haɗu a mashigin Marke, inda gulbi ya janye ya bar yashi. Ƙaura ya jera dakaru a gaba, 'yan baka a bayansu, shi da 'yan baradensa suka tsaya a gefe cikin sulken Illa. Da rana ta ɗaga aka busa ƙaho daga wancan gefe, dawakin Dallama suka gangaro. Ƙasa ta yi rawa. 'Yan bakan Gumbara suka saki kibau, amma kibiyar tsohuwar fartanya ba ta huda lifidi, sai ta buga ta faɗi. Dakaru suka kafa masu suka tsaya, kuma wallahi sun tsaya, marina da majema da masaƙa da yunwa ta mayar mayaƙa. Sahun farko ya riƙe karon farko. A karo na biyu dawakin suka bi ta kansu.

Ƙaura ya yi nufin ya zagayo ta baya, amma ƙananan dawakinsa suka nutse a yashi da nauyin ƙarfe. Sai ya sauka ya yi yaƙi a ƙasa har aka kashe shi. A yaba masa da wannan, bai gudu ba. Tunau ne ya gudu. Ya hau dokin kirki guda ɗaya da ya rage a bargarsa ya yi yamma, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Kafin rana ta faɗi Galadima ya buɗe ƙofar birni da hannunsa, ya faɗi a gaban Sarkin Dallama yana kiransa Zaki, Toron Giwa.

Sarkin Dallama ba waliyyi ba ne, amma ya san abin da ya zo nema. Bai ƙone Gumbara ba. Ya hana sojansa taɓa kasuwa, ya sa aka yi shela cewa an sauke harajin karofi da na maƙera, kuma duk wanda ya fasa ɗakin mamaci a zango, ko ɗan sarki ne, a bakin ransa. Ya aika aka fito da Jatau daga gidan yari, ya naɗa masa rawaninsa da kansa, ya ce, "Mutumin da ya ƙi yi wa ubangidansa ƙarya ba zai yi mini ba. Koma zangonka."

Jatau bai wuce zango ba, mashigin Marke ya nufa. Ya yi ta juya gawarwaki har ya gane Cindo ta hannuwansa, waɗanda shuni bai gama fita daga farcensu ba. Babu saran takobi a jikinsa, babu sukan mashi. Kofato ne ya farfasa masa ƙirji.

Kafin damina ta sake zagayowa fatake suka dawo. Aka yashe karofi aka zuba sabon shuni, bugun tufafi ya tashi a unguwar marina, maƙera suka komo da zugazugansu. Mutanen da suka tofa wa Jatau yawu ran da aka tuɓe shi su ne yanzu suke tsayawa a hanya suna gaishe shi, suna cewa gaskiyarsa ce ta dawo wa gari da arziki. Yakan amsa gaisuwar, don ba shi da yadda zai yi.

Da babban ayarin Azbin ya iso, gari ya fita kallo. Akoli ya sauka a ƙofar zango yana jaye da wani doki fari mai baƙar geza, wanda ya fi duk na baya kyau. Ya gaida Jatau da ladabi ya ce, "Baba Jatau, maganarka ta tsirar da dukiyar mutanena, tsofaffinmu sun ce in kawo maka godiyarsu. An gaya mana kana da ɗa namiji. Wannan shi muka zaɓo masa."

Jatau ya daɗe yana kallon ƙafafun dokin. Sannan ya ce, "Allah ya saka da alheri, ɗana. Amma ka makara. 'Yan'uwan dokin nan sun riga shi isa wurinsa, a mashigin Marke, kuma a ƙasa suka same shi."

Linzamin ya suɓuce daga hannun Akoli, babu wanda ya sunkuya ya ɗauka. Raƙuma suna ta shigowa da kaya a bayansu, masu su suna jiran a nuna musu masauki. Jatau ya share fuskarsa da gefen rawani, ya juya ya fara nuna wa kowa inda zai gurfanar da nasa.